Yadda Ake Shiga Arewacin Kamaru a Wuce Njamena: Jagora ga Matafiyi Daga Ƙasar Hausa

Da wuya a yi sati biyu wani bai kira ni daga Kano, ko Yola, ko Damagaram da tambaya iri ɗaya ba: "Malam, ina son zuwa Garwa, daga nan in leƙa Njamena. Me zan riƙe, ta ina zan bi?" Wani fatauci ne zai kawo shi, wani biki ko gaisuwar rasuwa, wani jinya, wani karatu. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki, yadda muke gaya wa baƙinmu a nan Garwa, a arewacin Kamaru.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu a wannan tafiya shi ne kama. Mutum ya tsallako, ya ga hula da babbar riga irin na gida, ya ji kiran salla, ya ji ana ciniki da Hausa, sai ya saki jiki kamar daga Kano ya je Katsina. Kama da wane kuwa ba ta wane ba ce. Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS. Ƙungiyarsu CEMAC ce ta tsakiyar Afirka, tare da Gabon, Kwango Barazabil, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Kuɗinsu daban, inshorar motarsu daban, jami'in da zai tsayar da kai kuma da Faransanci zai yi maka magana. Duk matakan da ke ƙasa daga nan suka taso.

1. Tsayar da lokaci

In zaɓi a hannunka yake, ka zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙasa sun bushe, zafi bai taso ba. Hazo ne kawai da sanyin asuba, rigar sanyi ɗaya ta ishe ka.

Daga Maris zuwa Mayu labarin daban ne. Garwa a cikin kwarin Binuwai take, zafinta yakan wuce digiri 40, haka Marwa, haka Njamena. Mai hawan jini, ko wanda zai zo da tsoho ko jariri, ya guji waɗannan watanni in ba dole ba.

Damina kuma, daga Yuni zuwa farkon Oktoba, ita ke cin hanya. Ƙasar da ke tsakanin Mora da Kusiri, garin Kamaru na ƙarshe kafin Njamena, shimfiɗaɗɗiya ce mai laka, ruwa yana kwanciya a kanta. A 2022 da 2024 ambaliya ta cinye unguwanni a Yagwa, Kusiri da Njamena. Tafiyar wuni ɗaya takan koma kwana biyu ko uku.

Ka kuma duba kalanda. Ranar 11 ga Fabrairu da 20 ga Mayu hutu ne a Kamaru, 11 ga Agusta hutu ne a Chadi, ofisoshi a rufe. Agogo dai ba za ka taɓa shi ba, Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk lokacinsu ɗaya.

2. Haɗa takardu tun daga gida

Fasfo shi ne uwa. Ka tabbata saura aƙalla wata shida kafin ya ƙare, kuma akwai shafukan da ba a buga komai ba. Ɗan Najeriya mai ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba, ba ya bukatar biza a Kamaru, haka a Chadi har wata uku. Ɗan Nijar yana shiga Chadi ba biza, amma Kamaru tana neman biza a wurinsa. Tun ƙarshen Afrilun 2023 ta intanet ake nemanta, kuma da aka fara tsarin an sa kuɗin ta gajeren zama sefa 100,000. Irin waɗannan dokoki gwamnatoci kan taɓa su, don haka ka kira ofishin jakadanci kafin ka sayi tikiti.

Bayan fasfo, ka riƙe hotuna ƙanana irin na fasfo guda shida zuwa takwas, da kwafin shafin hotonka kamar guda biyar. Ka ɗauki hoton kowace takarda a wayarka, ka tura wa wani na gida. Ka rubuta cikakken sunan mai masaukinka, unguwarsa da lambarsa a takarda, ba a waya kaɗai ba, domin za a tambaye ka, kuma waya tana mutuwa a lokacin da aka fi bukatarta.

Mace mai tafiya da yara ba tare da mahaifinsu ba ta riƙe takardun haihuwarsu da wasiƙar amincewar uban. Ɗan kasuwa ya riƙe rasiɗin kayansa. Mai zuwa jinya ya zo da takardun asibitin da ya fara gani.

Hattara: za ka ji mutane suna cewa, "Ai mu da katin ɗan ƙasa muke shiga, wasu ma ba komai." Mazauna bakin iyaka ne, masu zuwa cin kasuwa su koma kafin magariba, kuma an san fuskokinsu. Kai da za ka nutsa ɗaruruwan kilomita cikin ƙasa, kowane shinge sai an nemi hatimin shigarka. Wanda ba shi da shi, ko dai ya yi ta zubar da kuɗi har aljihu ya huje, ko a sauke shi daga mota a tsakiyar daji.

3. Katin rigakafi da jakar magani

Katin allurar shawara, wanda kowa ke kira yalo kad, wajibi ne. A Najeriya ofisoshin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayar da shi, kuma tun 2019 aka koma sabon kati mai rajista a kwamfuta. Abu biyu ake yawan mantawa. Na farko, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka allurar jajibirin tafiya ba ta fisshe ka ba. Na biyu, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sake duk shekara goma ba.

Kada ka sayi katin ba tare da an yi maka allurar ba. Na san ana yi, kuma ina ƙin abin har zuciyata. Cutar shawara tana kisa, sauron da ke ɗauke da ita kuma ba ya karanta kati.

Yankin nan duka yana cikin ɗamarar sanƙarau, wadda ke tashi da rani, don haka in za ka zo tsakanin Disamba da Mayu ka nemi allurarta ita ma. A jaka ka sa gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro da likita ya rubuta maka, garin gishiri da sukari na gudawa, da duk maganin da kake sha kullum, a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita.

Hattara: tiramadol da danginsa na sa maye suna kai mutum kurkuku a ƙasashen biyu. Ko na ciwon baya ne, in ba takardar likita, ka bar shi a gida.

4. Kuɗi

A nan zan daɗe, don a nan aka fi kuka.

Sefa iri biyu ce. Akwai ta yammacin Afirka, wadda ake kashewa a Nijar, Binin da Togo, bankin BCEAO ke buga ta. Akwai ta tsakiyar Afirka, ta bankin BEAC, ita ake kashewa a Kamaru da Chadi. A lissafin banki darajarsu ɗaya, kowacce sefa 655.957 ce a Yuro ɗaya. Amma mai shago a Garwa ba zai karɓi takardar Nijar ba, ɗan canji kuma sai ya cire nasa kafin ya musanya maka. Wani baƙona ya taɓa zuwa da damin sefa da ya canza a Kano, ya zauna a zaurena yana murna ya gama shiri. Da ya fito da ita na duba, na ce, "Alhaji, wannan ai ta Nijar ce." Washegari sai da ya yi asarar canji karo na biyu. In za ka canza a gida, ka faɗa da bakinka: sefar Kamaru nake so. Ka duba takardar ka ga an rubuta Afrique Centrale.

Takardun sefa biyar ne: 500, 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000. An fito da sababbi a Disambar 2022, su za ka nema. Ka ƙi karɓar yagaggiya ko wadda aka liƙe. Ka roƙi ɗan canji ya haɗa maka da ƙanana, domin ƙarancin canji tsohon ciwo ne a nan. Ka miƙa wa mai babur takardar 10,000 a kan tafiyar da ba ta kai 500 ba, sai ku ɓata rabin awa kuna zagayen neman canji.

Shawarata ita ce ka raba canjin kashi biyu. Ka canza abin da zai kai ka babban gari tun kafin ka tsallaka, sauran ka canza a Garwa ko Marwa ta hannun wanda mai masaukinka ya sani. Farashin naira yana motsi kullum, ka tambayi mutum biyu ko uku a ranar kafin ka amince. Ka ƙirga a gaban ɗan canjin, kada kuɗin ya sake komawa hannunsa bayan ka ƙirga. Katin bankin naira kuwa kada ka dogara da shi, sau da yawa na'urar cire kuɗi ba ta karɓarsa. Mai ɗauke da kuɗi masu nauyi na fatauci ya bayyana su ga duwan, wato jami'an kwastam, a bakin iyaka, ya karɓi takarda.

Sai yadda ake ƙirga kuɗin a baki, wanda ba ya cikin kowace takarda. A arewacin Kamaru in ka ji Bafulatani ya ce boro, sefa 1,000 yake nufi, abin da 'yan Nijar ke kira jikka. A Kusiri da Njamena kuma da riyal ake ciniki, riyal ɗaya sefa 5 ne, daidai da abin da 'yan Nijar ke kira dala. Mai kaya in ya ce miya, wato ɗari, sefa 500 yake nufi. Miten sefa 1,000 ne. Alif, wato dubu, sefa 5,000 ne. Ɗan Maraɗi yana jin wannan zai gane nan take, amma ɗan Najeriya yakan ɗauka an yi masa araha, ya amince, sai wajen biya rigima ta tashi. Ka ninka abin da ka ji sau biyar. In kana shakka, ka miƙa masa wayarka ya rubuta adadin da sefa.

Ka raba kuɗinka wuri uku: na shinge da abinci a aljihun gaba, na mota da masauki a jaka, babban kuma a jikinka, inda ba sai ka fito da shi a gaban jama'a ba.

5. Zaɓi ƙofar shiga

Taswira za ta nuna maka cewa hanya mafi kusa zuwa Njamena daga Kano ita ce ta Maiduguri, Dikwa, Gamboru Ngala, a tsallaka gada zuwa Fotokol, sannan kimanin kilomita 100 zuwa Kusiri. Gaskiya ne, kuma manyan motocin kaya suna binta. Haka ta Bama zuwa Banki, a shiga Amcide, a fito Mora. Amma waɗannan su ne hanyoyin da rikicin Boko Haram ya rufe tun 2014, kuma ko da aka buɗe su, tafiyar takan kasance cikin ayari da rakiyar soja. Ni dai ba na ba baƙon da bai san hanya ba shawarar ya fara da su, balle mai iyali.

Ƙofofin jihar Adamawa sun fi sauƙi. Daga Mubi ana bi ta Sahuda a shiga Bukula, daga nan a gangara Gidar, a hau babban titi. Daga Yola ana bi ta Belel a shiga Demsa ta Kamaru, a wuce Gashiga, a shigo Garwa. Akwai kuma ta Gurin zuwa Beka. Yawancin waɗannan hanyoyi akwai ɓangaren da ba kwalta, wani wurin sai da babur, shi ya sa damina ke wahalar da su. In Binuwai ya cika, wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai masu bin ruwa tsakanin Yola da Garwa. In za ka bi ruwa, ka duba lodin jirgin da idonka. Wanda ruwa ya kusa taɓa bakinsa, ka bar shi ya tafi.

Labarin hanya na jiya ba ya aiki yau. Kwana ɗaya kafin ka tashi, ka je tasha ka tambayi direban da ya dawo a ranar, sannan ka kira mai masaukinka ya tambayo maka ta nasa ɓangaren. In bakinsu ya zo ɗaya, ka kama hanya da asuba.

Hattara: a wannan yanki ba a tafiyar dare. Ka tsara yadda za ka isa bakin iyaka kafin azahar, ka isa garin kwananka kafin magariba. In rana ta yi maka nisa, ka kwana inda kake.

6. A bakin iyaka

Ga jerin yadda abin yake. Ka fara da ofishin shige da fice na ƙasarka, a buga maka hatimin fita. Ka tsallaka. A ɓangaren Kamaru 'yan sanda ne ke buga hatimin shiga, ma'aikacin lafiya ya duba katin allura, duwan su duba kaya. Kafin ka bar tebur, ka buɗe fasfon ka ga hatimin da idonka, ka karanta kwanan watan.

Masu babur za su kewaye ka, wani ya ce, "Yallaɓai, zo in zagaya da kai ta baya, ba sai ka biya kowa ba." Kada ka yarda. Ɗan abin da ka tsira da shi a nan, ninkinsa goma za ka biya a gaba, kuma ka zama wanda ya shiga ƙasa ta ɓarauniyar hanya.

Ka cire tabarau, ka ajiye waya, ka yi gaisuwa. Ana kiran jami'i da shef, kuma bonjur shef da fuska a sake tana rage rabin wahala. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa: ina za ka, wurin wa, kwana nawa. In an nemi kuɗi, ka tambayi na mene ne cikin ladabi, ka nemi rasiɗi. Ɗaga murya ba ya ci a nan.

Hattara: kada ka karɓi saƙon kowa ka tsallaka da shi, ko da tsohuwa ce ta roƙe ka, sai ka buɗe ka ga abin da ke ciki. Kada ka sa tufa mai zanen kakin soja, ko hula ce. Kada ka ɗauki hoton gada, shinge, barikin soja ko filin jirgi. 'Yan'uwa mata masu niƙabi kuma su sani cewa Chadi ta hana rufe fuska tun Yunin 2015 bayan hare-haren bam a Njamena, jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru ta bi sahu a Yulin shekarar. Hijabi ba matsala, amma za a nemi ganin fuska.

7. Layin waya da caji

A Kamaru manyan layuka MTN da Orange ne, lambar ƙasa 237. Layin MTN ɗinka na Najeriya baƙo ne a nan, kuɗin kira da shi yana da tsada. Ka je ofishin kamfani da fasfo a yi maka rajistar sabon layi da sunanka, ka sa a buɗe maka asusun kuɗi na waya a kansa, domin da shi za ka rage yawo da tsaba. Layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ranar da ya sami matsala kuɗinka sun maƙale.

Soket ɗin nan mai rami biyu ne zagayayyu, irin na Faransa. Cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba, ka sayi mahaɗi a kasuwa. Ka riƙe batirin ajiyar caji, wuta takan ɗauke musamman da bazara.

8. Tafiya cikin Kamaru

Titi ɗaya ne ƙashin bayan arewa. Ya taso daga Ngaundare, ya gangaro tsaunin Mbe mai kwane-kwane, ya zo Garwa, ya wuce Marwa, Mora, Waza, Dabanga, ya ƙare a Kusiri. Garwa zuwa Marwa kimanin kilomita 210 ne, Marwa zuwa Kusiri kimanin 260.

Tsarin mota a nan ya bambanta da na gida. Kowane kamfanin safa da tasharsa, ana kiranta ajans. Touristique Express da Danay Express suna cikin waɗanda aka fi sani. Za ka nuna fasfo a rubuta sunanka a tikiti, a auna ko a ƙiyasta kayanka, a ba ka shaidarsu. Akwai mota mai tashi a kan lokaci, mai sanyi, wadda ta fi tsada, akwai mai jiran cika. In za ka iya, ka sayi tikitin motar farko tun daren jiya.

A shinge sau da yawa kowa zai sauko, a wuce a ƙafa ɗaya bayan ɗaya ana nuna takarda. Akwai na 'yan sanda, akwai na jandarma, akwai na duwan, a can arewa kuma akwai na soja. Fasfonka ya kasance a jikinka, ba a jakar da ke saman mota ba. In za ka daɗe a gari, ka kai kwafin fasfo da na hatimin shiga ofishin 'yan sanda a tabbatar maka da shi, ana manna masa kan sarki na sefa 1,500. Da shi za ka riƙa yawo cikin gari, asalin yana ajiye. Amma tafiya tsakanin garuruwa sai da asali.

Ɓangaren Mora zuwa Kusiri shi ne mai wuya, ga lalacewar hanya ga matsalar tsaro. A bi shi da safe, cikin motar ajans, a bi umarnin soja.

Cikin gari babur ne abin hawa. Ka yi ciniki kafin ka hau, ka tambayi mai masaukinka kuɗin da aka saba biya. Mai son gangarawa kudu kuma, jirgin ƙasa na Camrail yana tashi daga Ngaundare da yamma ya kwana a hanya ya isa Yawunde da safe. An daɗe ana sayar da kujerar aji na biyu sefa 10,000, gado a ɗakin mutum biyu 28,000.

9. Harshe, masauki da abinci

Hausa za ta kai ka nesa a kasuwa da tasha, amma harshen titi a Garwa, Marwa da Ngaundare Fulatanci ne. Jam na gaisuwa ce, useko godiya, noy kuma nawa. Ka riƙe waɗannan uku, za ka ga yadda fuska ke sakewa. Daga Kusiri zuwa Njamena Larabcin Shuwa ne: afe gaisuwa, be kam tambayar farashi.

Wanda ba shi da kowa a gari ya nemi unguwar Hausawa. A Garwa sunanta ma Hausare. Ya yi salla a masallacin unguwa, ya gabatar da kansa ga liman ko mai unguwa, za a nuna masa masaukin da ya dace. In otal za ka sauka, za a rubuta bayanan fasfonka, wannan doka ce. Ka ga ɗakin kafin ka biya, ka duba ruwa, fanka da makulli. Ƙananan masaukai masu mashaya a ƙofa ba wurin mai iyali ba ne.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Tuwon dawa da miyar yakuwa, wadda suke kira folere, kunun gyaɗa da safe, tsire da suke kira soya, da gasasshen giwan ruwa na Binuwai wanda ni a ganina ba a bar Garwa ba a ci shi ba. In Lahadi ta same ka, ka leƙa kasuwar Pitowa, ba nisa da gari. Ruwa dai na roba mai hatimi, ko wanda aka tafasa, musamman da damina lokacin kwalara.

10. Tsallakawa Chadi

Kusiri da Njamena suna kallon juna, a wurin da kogin Logon ya haɗu da Shari. Gadar Ngeli ce ta haɗa su. Tsarin irin na baya ne: hatimin fita daga Kamaru, hatimin shiga Chadi, katin allura, duwan. Bincike a nan ya fi tsanani, za a iya zazzage jakarka gaba ɗaya, ka yi haƙuri ka mayar. Ba a tsallakawa da dare. In ka iso Kusiri da yamma, ka kwana, ka tsallaka da safe.

Yanzu akwai ƙofa ta biyu. A Afrilun 2025 aka buɗe gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor, mai tsawon mita 620, inda a da sai da kwale-kwale ko jirgin fito. Daga Garwa ko Marwa sai ka bi ta Kaele zuwa Yagwa, ka tsallaka, daga Bongor ka yi arewa kimanin kilomita 240 zuwa Njamena. Ta fi tsawo, amma ta kauce wa Waza da Dabanga. Mai iyali, ita nake nuna masa.

Sefar da ke aljihunka ita ce dai a Chadi, ba sai ka sake canji ba. Layin waya ne zai canza: Airtel ko Moov Africa, lambar ƙasa 235.

Hattara: an hana leda a Njamena, kuma da wannan sunan na leda suke kiranta. Ka juye kayanka a jakar yadi ko buhu tun daga Kusiri.

11. Kwana ukun farko a Njamena

Baƙo yana da awa 72 ya yi rajista a ofishin shige da fice na 'yan sanda. Ka je da fasfo, hotuna biyu, da adireshin mai masaukinka, in da hali ku je tare. Za a cika takarda a buga maka wani hatimi. Mutanenmu da yawa suna tsallake wannan, sai ranar fita a tsare su a kai. Ka je tun washegarin isowarka da sassafe, kuma ka tuna ranar Juma'a ofisoshi rabin wuni suke yi.

Ɗaukar hoto a Chadi yana bukatar izini, kuma ko kusa da fadar shugaban ƙasa kada ka tsaya, balle ka ɗaga waya. In ayarin manya zai wuce, ka tsaya inda aka tsayar da kai. Mai niyyar fita can cikin ƙasa, kamar Abeshe, ko gandun dajin Zakuma, ko duwatsun Ennedi, ya tambayi takardar izinin zirga-zirga tun a wurin rajistar.

Njamena ta fi garuruwan arewacin Kamaru tsada, musamman masauki, ka ware mata kaso mafi girma. Babur ɗin haya a can sunansa kilando. Babbar kasuwa tana dab da masallacin Sarki Faisal, a nan za ka ji Hausa ta ko'ina, kuma a nan ne lissafin riyal zai yi maka aiki.

12. Mai zuwa da motarsa

Inshorar ECOWAS mai launin ƙasa-ƙasa ba ta aiki a nan. Za ka sayi ta CEMAC, wadda ake kira Carte Rose, ita ke rufe Kamaru da Chadi duka. Duwan za su ba ka takardar shigar mota ta wucin gadi mai wa'adi, ka kiyaye ranar ƙarewarta. Ka zo da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da asalin takardun mota. In ba sunanka ne a kansu ba, sai da wasiƙar izinin mai ita. A sa abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, akwatin taimakon gaggawa da safaya mai kyau, biyu in da hali. Kuɗin ƙofar titi a Kamaru sefa 500 ne kowace ƙofa, ka ajiye tikitin. A Fabrairun 2024 an mayar da litar fetur sefa 840 a gidajen mai na Kamaru. Na bakin titi da ake kira zuwa-zuwa ya fi araha, amma ana samun mai gauraye, kuma ɗaukar jarkoki a mota yana jawo tambayar duwan.

13. Komowa

Ka ƙirga kwanakinka daga ranar da ke kan hatimi, kada ka wuce wa'adi. Wanda ya fita Chadi ya sake shiga Kamaru sai an sake buga masa hatimin shiga, haka na fita a ƙofar ƙarshe, ko da direba yana ƙorafin ana ɓata masa lokaci. Fasfon da ke da shiga ba fita zai ba ka wahala a zuwa na gaba.

Ka cire abin da ya rage a asusun wayarka kafin ka bar babban gari, ka canza ragowar sefa a bakin iyaka inda ake nemanta, ka bar kaɗan in kana da niyyar dawowa. Tsarabar gida, irin su takalma da jakunkunan fata na Marwa, kilishi, dabinon Faya ko turaren wuta na Njamena, ba ta da matsala in ba ta yi yawa ba. Amma buhunan hatsi, dabbobi da duk abin da ya kai lodin kasuwa, ka fara tambayar duwan ko an yarda a fitar da shi a wannan lokacin, kafin ka biya mai kaya.